Dashen Ɓargo: Makonnin da Mai Jinya Ya Fi Bukatar Haƙurinmu

Da wuya a sami ikilisiyar da babu iyalin da ke fama da ciwon sikila. Da yawa sun ji labarin dashen ɓargo, har wasu sun fara tara kuɗi dominsa. Ya kamata mu san abin da ke faruwa cikin ƙashi bayan an yi dashen, gama a nan ne ake tsira ko a rasa rai.

Ɓargo shi ne inda jiki ke ƙera jini. A cikinsa akwai uwayen ƙwayoyi masu haifar jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da zubar jini. Waɗannan uwaye suna zaune ne a gefen wasu ƙananan jijiyoyin jini masu bango siriri ƙwarai. Ta bangon nan sabon jini ke fita ya shiga jiki, kuma ƙwayoyin bangon suna fitar da sinadaran da ke raya uwayen.

Kafin dashe, likitoci sukan ba mai jinya magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi na haske, domin a share tsohon ɓargo. To, maganin nan ba ya zaɓe. Yakan yi wa jijiyoyin ma rauni, su buɗe su riƙa yoyo. Sa'an nan a ɗura sababbin ƙwayoyin ta jijiya kamar ƙarin jini, ba tare da an fasa ƙashi ba, su da kansu su nemi hanya zuwa ɓargo. Manomin rani ya san zancen: iri mai kyau ba ya tsira idan hanyoyin ruwa sun rushe. A shekarar 2009 masana a kwalejin likitanci ta Weill Cornell da ke New York a Amurka suka gwada wannan a jikin ɓeraye. Da suka hana jijiyoyin gyaruwa, sai jinin ya kasa farfaɗowa ko da yake an dasa ƙwayoyin.

Gyaran da kamawar dashen sukan ɗauki mako 2 zuwa 4. A tsakanin nan mai jinya kusan ba shi da garkuwa, ana ta ƙara masa jini a ɗaki keɓaɓɓe. Murar da ba ta hana ka zuwa gona tana iya kashe shi. Mu kuwa mutanen gaisuwa ne: zumuntar mata ta zo da kwanukan abinci, matasa su cika ɗaki da waƙa, dattawa su ɗora hannu. A ganina, a wannan lokaci shugabannin ikilisiya su ne ya kamata su fara hana zuwa. A yi addu'ar a majami'a, a gaishe shi ta waya, a kai gudunmawar ga iyali a gida. Ko bayan an sallame shi, likitoci suna sa ido sosai har kwana 100.

Aikin ba sabo ba ne. Dakta Donnall Thomas na Amurka ya sami lambar Nobel a 1990 saboda shi, kuma a 2011 aka yi wa mai sikila dashe na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Amma kada a ɓoye wa iyaye haɗarinsa. Sabon ɓargo yana iya juyowa ya yaƙi jikin da ya karɓe shi, jijiyoyin hanta suna iya toshewa, maganin kuma yana iya hana haihuwa nan gaba.

Mai bayarwa mafi dacewa ɗan'uwa ne na ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma damar kowane ɗan'uwa ya dace 1 ce cikin 4. Ana zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugu bayan an sa shi barci, ya yi 'yan kwanaki yana jin ciwon wurin, cikin 'yan makonni kuwa jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba.