3.4 Amfanin Gyaɗa a Abincin Mutanen Boɗinga da Shagari

Gyaɗa, wadda Sakkwatawa ke kira gujiya, tana daga cikin amfanin gonar da ake nomawa a ƙasashen Boɗinga da Shagari, galibi a tsakanin kunyoyin gero da dawa. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, kuma 'yan kasuwar Fotugal ne suka kawo ta Afirka ta Yamma a wajajen ƙarni na 16. Ta zama babbar hajar fitarwa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 su ne suka karya wannan ciniki, amma ba su raba ta da tukunyar talaka ba.

Ta fuskar gina jiki, kusan kashi 25 cikin ɗari na ƙwayar gyaɗa furotin ne, wato sinadarin da ke gina tsoka, sa'annan kusan rabinta mai ne. Haka kuma tana ɗauke da bitamin E da wasu daga cikin dangin bitamin B. Idan aka kwatanta ta da 'ya'yan furen sanfulawa da Turawa ke ci, za a tarar sanfulawa ta fi ta bitamin E, ita kuwa ta fi furotin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da tuwon gero ne abincin kullum, nama kuwa sai ranar kasuwa ko salla. Da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ne ma ake haɗa Plumpy'Nut, abincin nan na jinyar yara masu tamowa, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi ƙwarai a Maraɗi lokacin yunwar 2005.

Sarrafa gyaɗa sana'a ce ta mata. Sukan ɓare ta, su soya, su murje, su kai inji a niƙa, sa'annan su riƙa juya ƙullin suna yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso. Abin da ya rage shi ne tunkuza, da ita ake murza ƙuli-ƙuli a soya. Da ƙuli-ƙuli ake kwaɗon zogale da na rama, mahauta kuma da shi suke haɗa yajin tsire da kilishi. Akan dama kunun gyaɗa saboda masu jego da marasa lafiya da masu azumi. Harawarta ma kuɗi ce ga masu kiwon tumaki. Da ribar wannan sana'a mata da yawa ke zubin adashi da tara kayan ɗakin 'ya'yansu.

Sai dai akwai haɗari. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, takan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatokzin. An gano wannan guba ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Tana lalata hanta, tana kuma iya haddasa mata ciwon daji, suya kuma ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Abin takaici shi ne, ƙwayoyin da aka tsince saboda sun lalace sukan koma kasuwa da araha, a niƙa su a yi ƙuli-ƙuli, wanda yara ne suka fi cin sa.