Lens mai tsada: Shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Duk wanda ya taɓa bin 'yan fim lokeshin a cikin birnin Kano ya san irin wannan yammacin. Ana cikin wani soro a lungunan Yakasai ko Mandawari, ƙarfe biyar da rabi ta wuce, an ɗauke wuta tun azahar. Idan aka tayar da janareta ƙararsa ta cika sauti, idan aka kashe shi duhu ya rufe fuskokin 'yan wasa. Mai gidan da ya ba da aron soronsa ya fara duba agogo, don a nan jama'arsa ke sallar Magariba, ga shi saura fitowa biyu ba a ɗauka ba. A nan ne darakta zai dubi mai kyamara, shi kuma ya maimaita kukan da ya saba: da akwai lens mai buɗewa sosai, da tuni an tashi.

Wannan kuka ya sa matasa masu ɗaukar hoto da dama sun ɗora wa kansu burin mallakar irin wannan lens, wasu da adashi, wasu da bashi. Su ma furodusoshi ana yawan shigar masu da shi cikin kasafi da sunan "kwaliti". To abin tambaya a nan shi ne, shin abin ya kai kuɗinsa?

Mene ne shi lens mai saurin?

Lens dai shi ne gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, wato idonta. A cikinsa akwai ƙofa da ke buɗewa tana tsukewa don shigar da haske, kamar ƙwayar idon mutum. Ana auna faɗin ƙofar da lambar da ke bin harafin f, kuma lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lens mai f/1.4 yana shigar da haske ninki biyu na mai f/2, ninki huɗu na mai f/2.8. Waɗanda suka kai f/1.2 zuwa f/0.95 su ne ake kira masu matuƙar sauri, kuma su ne rikicin yake kansu.

Bari a dubi farashi. Ƙaramin Canon 50mm f/1.8 da ya fito a 2015 dala 125 aka sa masa, nauyinsa giram 160. Babban yayansa, Canon RF 50mm f/1.2 na 2018, ya fito a kan kusan dala 2,300, nauyinsa giram 950. Shi kuwa Nikon Noct 58mm f/0.95 na 2019 ya tasam ma dala 8,000, nauyinsa kilo 2 cur. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, ƙaramin bai kai naira dubu 200 ba, na tsakiyar kuma ya doshi miliyan uku da rabi, ban da kuɗin shigo da shi. Ga inda gizo ke saƙa: mai f/1.2 ya ninka mai f/1.8 kuɗi kusan sau 18, amma hasken da ya fi shi shigarwa ninki biyu ne da 'yan kai.

Daga ina zazzaɓin ya samo asali?

Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa zamanin Sangaya, da kyamarar VHS da ƙananan dijital masu kaset ake aikin finafinan Hausa. Allon da ke karɓar hoto a cikinsu, wato sensa, ɗan ƙarami ne, shi ya sa komai ke fitowa tar, tun daga fuskar jarumi har buta da takalman da ke bayansa. Masu sukar finafinanmu a lokacin kan ce hoton bai da maraba da na bidiyon biki.

A 2008 kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, kyamarar hoto mai babban sensa da ke ɗaukar bidiyo. Nan da nan masu ƙaramin jari a duniya suka sami abin da a da sai manyan kamfanoni: fuska ta fito ras, baya ya narke ya zama dishi-dishi. Da irin waɗannan kyamarori suka shigo Kano, sai narkakken baya ya zama tambarin wayewa a industiri. Wanda bayan hotonsa ya fi narkewa shi ne gwani. Daga nan aka shiga tseren ƙaramar lamba.

Hujjar masu so

A gaskiya masu son lens ɗin ba a banza suke magana ba, musamman a cikin Badala. Tsofaffin gidajen ƙasa an gina su ne don su kare zafi: bango mai kauri, 'yar taga a sama, rufin azara. Ko da tsakar rana soro duhu gare shi. Lungunan kuma wasu ko Keke Napep ba ta shiga, balle motar kayan wuta. Ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, abin da ya sa kowace awa ta janareta sai furodusa ya ji ta a aljihunsa.

Bugu da ƙari, akwai fitowar da fitila ke ɓata ta. Makarantar allo da dare yara sun kewaye wutar kara, ko mai shayi da 'yar fitilarsa a bakin Jakara, ko tsohuwa a ɗaki da aci-balbal a fim ɗin tarihi. Da zarar an haska babbar fitila, armashin ya tafi.

Babban misalin da suke kafa hujja da shi daga Turai yake. A fim ɗin Barry Lyndon na 1975, darakta Stanley Kubrick ya dage sai ya ɗauki fitowar dare da hasken kyandir zalla. Ya samo lens ɗin Zeiss mai f/0.7, irin wanda aka ƙera wa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, aka yi wa kyamararsa kwaskwarima ta karɓe shi. Mai ɗaukar hoton, John Alcott, ya ci kyautar Oscar da wannan aiki.

Sai dai labarin yana da ƙarshen da ba a cika faɗa ba. Don kada fuska ta fice daga fokos, sai da 'yan wasan suka riƙa takatsantsan da motsi kamar masu ɗauke da ƙwai a ka, ana auna tazararsu da kyamara a kowace ɗauka. Kuma Kubrick ya kwashe watanni da yawa yana ɗaukar fim ɗin. Wane furodusa ne a Kano yake da wannan sararin?

Wanda ya sayi rariya…

Matsalar farko ita ce fokos. Duk yadda aka buɗe ƙofar haske, haka wurin da ke fitowa tar yake ƙanƙancewa. Da lens 50mm a kan f/1.2 da babban sensa, idan jaruma tana tazarar mita biyu, kaurin wurin da ke cikin fokos bai fi santimita 12 ba, bai kai taƙi guda ba ke nan. Idan aka matso mita ɗaya sai ya koma kamar santimita 3: ido ya fito, kunne ya ɓace.

Yanzu a auna wannan da irin wasanmu. Ɗan wasan Hausa ba a tsaye yake kamar gunki ba. Zai durƙusa ya gaida mahaifi, ya sunkuyar da kai don kunya, ya zabura idan rai ya ɓaci. Ga zaman falo inda mutum biyar ke magana, kowa da tazararsa. Ga uwa uba rawa da waƙa. A manyan kamfanonin waje akwai ma'aikaci da ba shi da wani aiki sai jan fokos, da allon kallonsa daban. A nan kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe kyamara, yana saita hoto, yana murɗa fokos, yana kallon ɗan allon da bai wuce tafin hannu ba. Kuskuren ba ya fitowa sai an je wajen edita, alhali jarumar ta riga ta tafi wani lokeshin a Kaduna ko Jos.

Ko a Amurka abin bai bar manya ba. A 2021 darakta Zack Snyder ya ɗauki Army of the Dead da tsohon lens ɗin Canon mai f/0.95, 'yan kallo da yawa suka yi ta ƙorafin cewa rabin hoton dishi-dishi ne.

Matsala ta biyu rana ce. Hasken tsakar rana a Kano ya fi ƙarfin f/1.2 nesa ba kusa ba. Kafin a buɗe shi duka a waje sai an ɗaura masa baƙar filta da za ta rage hasken fiye da sau 200, wani kuɗin ke nan. In ba haka ba sai a tsuke shi zuwa f/8 ko sama, inda da wuya mai kallo ya bambanta shi da na dala 125.

Na uku, yawancinsu ba sa zuƙowa. Duk canjin ɗauka sai an kwance wani an ɗaura wani, kuma a cikin ƙurar hunturu kowace kwancewa ƙofa ce ga ƙura ta hau sensa. A ƙuntataccen ɗaki ma 50mm ya yi tsawo, bango zai tare mai kyamara kafin mutum biyu su shiga hoto. Tsofaffin samfuri kuma idan aka buɗe su duka gefen hoto yakan yi duhu, a ga wani shuɗi-shuɗi mai ja a bakin farar babbar riga ko rawani. Akwai na Chana masu araha irin su 7Artisans da TTArtisan da suka kai f/0.95, amma da hannu ake jan fokos ɗinsu, wahalar tana nan daram.

Ina birnin ya tafi?

Akwai hasarar da ta fi duk waɗannan, kodayake ba a cika lissafa ta ba. Me ya kai furodusa cikin gari tun farko? Ya je ne don zankwayen soraye, da zanen bangon Gidan Makama, da cunkoson Kasuwar Kurmi wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ramukan marinar Ƙofar Mata, da Dutsen Dala yana leƙowa ta saman rufi. Ya sha wahalar neman izini da korar yara 'yan kallo. Sai kuma a buɗe lens a kan f/1.2, duk wannan ya narke ya koma jan hazo a bayan jarumi. Da a bayan gareji aka ɗauka a Zoo Road, da sakamakon ɗaya ne.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ganuwa ta zaizaye a wurare da yawa, gidajen ƙasa suna komawa bulo da siminti kowace shekara. Fim ɗin da aka ɗauka yau a Ƙoƙi ko Zage, nan gaba zai iya zama shaidar yadda unguwar take. Bahaushen Kumasi ko Yamai ko Jidda da ya kunna fim ɗin Kano, garin yake son gani tare da jarumin.

Ina ya kamata kuɗin ya tafi?

Abu ɗaya da ya kamata kowane mai kyamara ya riƙe shi ne, lens ba ya ƙirƙirar haske, wanda ya tarar yake tarawa. Idan hasken soro bai da kyau, lens mai tsada zai nuna rashin kyan ne a fili. Baƙar fata kuwa tana buƙatar haske mai tsari, daga gefe, mai taushi, kafin kyanta ya fito.

Sannan zamani ya canza. Tun daga Sony a7S ta 2014, kyamarori sun koyi gani a duhu ba tare da hoto ya yi yashi-yashi sosai ba. Fitilun LED masu batir sun yi araha, ba ƙara, ba zafi, ɗan aike zai rataya su a babur ya shiga kowane lungu. Kuɗin lens ɗaya mai f/1.2 zai sayi ƙaramin f/1.8, da fitilu biyu ko uku, da makirufo mai kyau, da allon duba fokos, har a biya mataimakin mai kyamara hakkinsa.

Kada a manta da inda ake kallon. Tun da kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta ja baya, harkar ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24 da aka buɗe a 2014, kuma ɗimbin 'yan kallo a waya suke kallo suna tattalin data. Ba a jin masoya Labarina ko Izzar So ko Daɗin Kowa suna muhawara kan lambar lens a majalisa. Labari suke tattaunawa, da wanda ya ci amana da wadda aka zalunta. Amma bari magana ta ƙi fita, ko fuskar jaruma ta yi dishi-dishi tana tsakiyar kuka, nan take za a ji su.

A taƙaice, lens mai matuƙar sauri yana da ranarsa: fitowar dare ta mutum ɗaya ko biyu, marar yawan motsi, wadda aka tsara tun a takarda, aka ware mata lokaci da mai jan fokos. Irin wannan fitowa ba ta fi biyu ko uku a fim ba, don haka haya ta wadatar, a karɓa yau a mayar gobe. Masu ba da hayar kaya da manyan kamfanoni masu aiki kullum su ne saye ya dace da su.

Shi kuwa matashin da ke zuba adashi yana mafarkin f/1.2, gara ya fara da ƙaramin, ya tsuke shi zuwa f/2.8 ko f/4, ya koyi inda ake ajiye fitila, ya iso lokeshin da wuri kafin rana ta sauka bayan Gwauron Dutse. Idan ya yi haka, jarumarsa za ta fito tar, Kano ma ta fito a bayanta, mai soro kuma ya sami wurin sallarsa a kan lokaci.