Kishin Ƙasa da Haƙƙin Marar Makwanci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku jama'ar Musulmi, ƴaƴanmu na lakwal suna tsayuwa da safe gaban tutar Nijar, ranar 3 ga Agusta kuma su dasa itatuwa don tunawa da ƴancin kai na 1960. Madalla da wannan. Sai dai ku sanar da su cewa ƙasa mutane ce, mai kishinta kuwa ba ya barin ɗan'uwansa ya kwana a rumfar kasuwa.

Asalin wannan yana Madina. Ansaru sun sauki Muhajirai a gidajensu, waɗanda suka rasa masauki kuwa aka ba su Suffa a masallaci ana ciyar da su, cikinsu har da Abu Huraira.

Mu kuwa mun ga ƙarshen sakaci. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada gaba da Arlit, kan hanyar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu ƴan wannan yanki namu na Kance. Rashi ne ya raba su da gida.

Saboda haka, mutanen Yauri, mai zaure ya buɗe wa baƙo da almajiri. Samari su yi gayya su tayar da ɗakin da damina ta rushe. A ba yaro kwanon buɗa-baki ya kai wa mabuƙaci da hannunsa, ya gaishe shi da sunansa. Zakkar fid-da-kai ma a fara da su.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.