Me Ya Tunzura Magoya Baya Ranar Da Aka Naɗa Eric Chelle?

Ranar Talata 7 ga Janairun 2025, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta sanar da ɗaukar Eric Sekou Chelle, ɗan ƙasar Mali, a matsayin kocin Super Eagles na tsawon shekara biyu. Shi ne ɗan Afirka na farko da ba ɗan Najeriya ba da aka damƙa wa wannan aiki. Kafin gari ya waye ƙasa ta ɗauki zafi. A rediyo, a Facebook, a teburin mai shayi, zancen ɗaya ne. Gidajen kallon ƙwallo na Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ma ba a bar su a baya ba: "Mali kuma? Duk faɗin duniya an rasa koci sai a Mali?"

Abin da ya ɗaure min kai shi ne jin wannan magana a bakin mutanen kan iyaka. Maigatari gari ne da baƙo ya raya. Duk ranar Alhamis kararta cike take da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da ma gaba da Nijar, ana lissafi da naira ana lissafi da sefa. A nan ba a raina mutum don ya fito daga ƙasa mai magana da Faransanci, domin wani ɗan'uwa ne, wani suruki, wani abokin ciniki. Ga shi kuma mutumin da ake fushi da shi bai ja ragamar wasa ko ɗaya ba tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Sai na ɗauki dalilan da ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya, na auna kowanne da abin da ya faru a zahiri.

Dalilin farko da ya fi yawo shi ne wai baƙo ne. Wannan bai je ko'ina ba. Kofin Afirka na farko da Najeriya ta ɗauka a Legas a 1980, Otto Gloria ɗan Brazil ne ya jagoranci tawagar. Na biyu a Tunisiya a 1994, da zuwa kofin duniya na farko a Amurka a wannan shekarar, aikin Clemens Westerhof ne ɗan Holan. Zinaren gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 a hannun Jo Bonfrere aka samo shi, shi ma ɗan Holan. Magoya bayan Najeriya ba su taɓa ƙin baƙon koci don baƙuncinsa ba. Wata huɗu kacal kafin zuwan Chelle, da aka ambaci sunan wani Bajamushe, da yawa murna suka yi.

Na biyu shi ne kishin ɗan gida: me ya sa ba a ba wa namu ba? Magana ce mai daɗin ji, kuma tana da madogara, tunda marigayi Stephen Keshi ne ya ɗauko kofi na uku a Afirka ta Kudu a 2013. Amma a tuna yadda aka yi da Finidi George. Tsohon tauraro ne da ya ci kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, ya kuma ci gasar cikin gida da Enyimba a 2023 yana koci. An tabbatar masa da aikin a ƙarshen Afrilun 2024. A watan Yuni ya yi kunnen doki 1-1 da Afirka ta Kudu a Uyo, Jamhuriyar Benin ta doke shi 2-1 a Abidjan, sai aka yi masa caa. Hukumar ta ce za ta kawo Bature a ɗora a kansa, shi kuma ya ajiye aikin. Bakunan da suka ce Finidi bai iya ba, su ne bayan wata bakwai suke tambayar ina 'yan gida. Kishin ɗan gida ya shigo zancen ne daga baya, ba shi ya kunna wutar ba.

Na uku ya fi waɗannan nauyi: wai ba shi da tarihin nasara. A nan sai an tsaya an duba da kyau. Abin da yawancin 'yan Najeriya suka sani game da Chelle hoto ɗaya ne. Ranar 3 ga Fabrairun 2024 a birnin Bouake, a gasar kofin Afirka, Mali tana gaban Kwaddibuwa mai masaukin baƙi da ci ɗaya, ga abokan karawar an ba ɗan wasansu jan kati tun kafin hutun rabin lokaci. Simon Adingra ya farke a minti na 90, Oumar Diakite ya zura ta biyu a daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci. Chelle ya durƙushe a bakin fili, jiri na ɗibarsa, ana kwarara masa ruwa a ka. Wannan bidiyon ne aka tono aka yi ta yaɗawa ranar da aka naɗa shi.

Sai dai wannan Kwaddibuwar da ta fitar da Mali, ita ce bayan kwana takwas ta doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe. Bayan mako shida kuma, ranar 26 ga Maris, Mali ta haɗu da Najeriya a wasan sada zumunta a Marrakesh, ta ci mu 2-0, kuma Chelle ne a bencinta. Gaskiya ne Mali ta sallame shi a watan Yuni bayan Ghana ta ci ta a Bamako, ta kuma kasa cin Madagaskar. To amma a ɗora shi a sikeli ɗaya da waɗanda aka karɓa ba da irin wannan hayaniya ba. Mutanen kan iyaka sun fi kowa sanin Gernot Rohr, domin kafin ya zo Najeriya a 2016, shi ne kocin Mena ta Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya kuma yi Gabon da Burkina Faso. Bai zo da kofin Afirka a jaka ba. Jose Peseiro daga aikin horar da Benezuwela ya fito. Shi kansa Bajamushen da aka yi wa murna, Bruno Labbadia, bai taɓa riƙe tawagar wata ƙasa ba, kuma rabonsa da aiki tun Afrilun 2023 da Stuttgart ta sallame shi. In tarihi ake bi, Chelle ya fi shi sanin filayen Afirka nesa ba kusa ba.

Wannan kwatancen ne ya kai ni ga dalili na huɗu, wanda ba a cika furta shi a fili ba. Idan baƙo biyu suka zo, wanda bai san Afirka ba aka yi masa maraba, wanda ya san ta aka yi masa ihu, dole a tambayi bambancinsu. Bambancin shi ne ɗaya Bature ne, ɗaya ɗan Afirka. Akwai raini a zukatanmu ga maƙwabci, kuma ina ganin abin kunya ne. An haifi Chelle a Abidjan a 1977, mahaifinsa Bafaranshe, mahaifiyarsa 'yar Mali. A Faransa ya tashi, ya buga wa Valenciennes da Lens, a can ya koyi horarwa, ya riƙe Martigues da Boulogne. Da fasfon Faransa aka gabatar da shi, da ihun bai kai haka ba. Mun manta cewa mu ma mun taɓa ba Mali koci. Keshi ya riƙe tawagarsu daga 2008 zuwa 2010, kafin nan kuma shi ya samar wa Togo gurbin kofin duniya na 2006. Da su ma sun ce ba su son maƙwabci, da bai samu gogewar da ya dawo mana da ita ba.

Da na iso nan sai na ɗauka na kamo ɓarawon. Amma akwai abin da raini kaɗai bai bayyana ba. Wanda aka raina dariya ake yi masa a wuce. Abin da ke cikin muryoyin mutane a wannan makon ya wuce dariya, akwai ɗaci irin na wanda aka yaudara. Kuma in ka saurari muhawarar har ƙarshenta, za ka ji sunan Chelle ya ɓace, an koma ana cewa "waɗannan mutanen", ana cewa "mai arha suka nemo". Nan bakin zaren yake. Sai na bar kocin, na bi sawun masu ɗaukar koci.

Ranar 27 ga Agustan 2024 hukumar ta shaida wa duniya cewa Labbadia ne sabon koci, kuma zai fara aiki nan take. Mako bai zagayo ba aka ce maganar ta rushe. Shugaban hukumar, Ibrahim Musa Gusau, ya ce dokokin harajin Jamus ne suka kawo cikas, domin ana so hukumar ta ɗauki nauyin harajin albashinsa, ƙarin kashi 32 zuwa 40 cikin ɗari, abin da ta ce ba za ta iya ba. Ashe an yi shela tun ba a sa hannu ba. Kowane dillali a karar Maigatari ya san ba a jan sa a bar turke sai mai shi ya ce ya sallama, an kuma ƙirga kuɗi. Wanda ya yi gaggawar shelar ciniki sau ɗaya, gobe ko gaskiya ya faɗa sai an nemi shaida.

Kuma ba sau ɗaya ba ne. A Yulin 2016 an sanar da Paul Le Guen ɗan Faransa, shi ma bai zo ba saboda ba a daidaita kan sharuɗɗa ba. Peseiro an ambace shi a Disambar 2021, bai kama aiki ba sai Mayun 2022. A tsakanin nan Ghana ta hana mu zuwa kofin duniya na Katar a filin Abuja ranar 29 ga Maris, 'yan kallo suka afka fili suka yi ɓarna. Sunday Oliseh ya ajiye aiki a Fabrairun 2016 yana kukan rashin biyan albashi. Rohr, bayan an sallame shi a Disambar 2021, sai da ya kai ƙara FIFA kan haƙƙoƙinsa. Peseiro ya yarda an rage masa albashi, ya kai tawaga wasan ƙarshe, kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen Fabrairun 2024, ya kama gabansa.

Ƙarƙashin duk wannan akwai darajar naira. Baƙon koci da dala ake biyansa. A farkon 2023 dala ɗaya kimanin naira 460 ce a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Albashin da bai canza ba a takarda ya ninka sau uku a aljihun mai biya. Ba sai an yi wa ɗan Maigatari dogon bayani ba, shi da ya ga yadda sefa ta yi wa naira fintinkau a hannun 'yan canji. Saboda haka da aka ce an ɗauko koci daga ƙungiyar MC Oran ta Aljeriya, mutane ba su ji "mun zaɓi wanda ya dace" ba. Abin da kunnensu ya ji shi ne "iya wanda kuɗinmu ya kai ke nan".

Ga kuma tsoro. A lokacin Najeriya tana da maki 3 kacal a wasa huɗu na neman gurbin kofin duniya na 2026: canjaras da Lesoto, da Zimbabuwe, da Afirka ta Kudu, sai rashin nasara a hannun Benin, wadda Rohr ɗin da aka kora yake horarwa. Tana ta biyar a rukuni mai ƙasashe shida. Daga Disambar 2021 zuwa Janairun 2025 an ji sunan Rohr, da Augustine Eguavoen, da Peseiro, da Finidi, da Labbadia, da Eguavoen a karo na biyu, sannan Chelle. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Amsar ke nan. Fushin na gaske ne kuma yana da hujja, amma ba na Chelle ba ne. Fushin shekaru ne na alƙawarin da ba a cika ba, da sanarwar da ake janyewa, da bashin albashi. Raini ga maƙwabci shi ya nuna masa inda zai sauka, aka bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. A wasa shida da suka rage, Chelle bai sha kashi ko sau ɗaya ba. Ya ci Ruwanda 2-0 a Kigali da 1-0 a Uyo, ya ci Lesoto 2-1, ya lallasa Benin 4-0 inda Victor Osimhen ya zura uku, ya yi canjaras da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Maki 14 cikin 18. Najeriya ta ƙare da 17, Afirka ta Kudu ta wuce da 18. Maki ɗaya ne tsakani, kuma mafi yawan asarar an tafka ta tun kafin ya zo. Da aka je wasannin cike gurbi a Rabat a Nuwambar 2025, kwana biyu kafin karawa da Gabon 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus. Sun ci Gabon 4-1, sannan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da su a bugun fenariti ranar 16 ga wata. Chelle yana da nasa kason laifin, musamman makin da aka zubar gaban Zimbabuwe a gida. Amma wannan kocin ne bayan wata biyu ya kai tawagar matsayi na uku a gasar kofin Afirka a Maroko, ba tare da an doke ta cikin fili ba.

Mu masu biyan kuɗin shiga gidan kallo, masu raba dare saboda wannan tawaga, muna da haƙƙin yin magana, kuma bai kamata mu yi shiru ba. Abin da nake roƙo shi ne mu daina ɓarnatar da muryarmu a kan fasfon mutum da launin fatarsa. Duk ranar da aka sake sanar da sabon koci, a Super Eagles ne ko a Kano Pillars ko a Jigawa Golden Stars, mu fara tambayar masu naɗin: an sa hannu? Daga wane asusu za a biya shi? An sallami na baya da 'yan wasa haƙƙinsu? Shekara nawa za a bar shi ya yi aiki? In suka amsa waɗannan, sai mu ba kocin fili, mu yi masa hukunci da abin da idonmu ya gani.