Rubuta Wa Kwamfuta Umarni: Yadda Ake Koyon Sikirif A Kan Kwamfutar Tebur

Sikirif, kamar yadda masu harkar kwamfuta ke kiransa, takardar umarni ce da mutum ke rubuta wa kwamfuta, ita kuma ta bi ta daga layin farko zuwa na ƙarshe, tana aikata abin da aka ce ba ƙari ba ragi. Rubutu ne zalla a cikin fayil, wani layi uku, wani talatin. Manyan manhajoji irin su Word da Excel kamfanoni ne ke haɗa su domin amfanin kowa da kowa. Sikirif kuwa mai buƙata ne ke rubuta abinsa daidai da aikin da ke gabansa, kamar yadda tela ke yanka yadi daidai jikin mai shi.

Irin aikin da ya fi dacewa da shi shi ne wanda ake ta maimaitawa, kuma a Kaduna irin wannan aiki ya yi yawa. A shagunan buga takardu da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada da Jami'ar Jihar Kaduna a titin Tafawa Ɓalewa, ana wuni ana sauya wa hotunan fasfo suna da rage musu nauyi ɗaya bayan ɗaya. A makarantun Unguwar Sarki, Malali da Unguwar Dosa, ƙarshen kowane zango malamai na zama suna tara maki da hannu. Magatakarda a ofisoshin Kawo kan kwafe sunaye daga wannan fayil zuwa wancan har idonsa ya yi ja. Duk waɗannan mutane kwamfuta ce a gabansu, amma ana amfani da ita tamkar keken rubutu, alhali layuka kaɗan na umarni za su iya gama aikin yini guda kafin shayi ya huce.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara aikin tsarin Unix a Amurka, inda ake magana da kwamfuta ta hanyar buga umarni, kuma ba a jima ba aka ga hikimar tara umarnin a fayil guda maimakon buga su kullum. Tsarin MS-DOS na shekarar 1981 ya zo da nasa fayilolin umarni masu ƙarewa da .bat, waɗanda har yau Windows ke karɓa. Brian Fox ya fitar da Bash a 1989, wanda masu Linux ke amfani da shi, Microsoft kuma ya fitar da PowerShell a 2006. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, shi ne ya fi dacewa da mai farawa: kyauta ne, yana aiki a kan Windows da Linux da Mac, kalmominsa kaɗan ne, kuma rubutunsa na karantuwa ko ga wanda Turancinsa bai yi nisa ba.

Ba sai da sabuwar kwamfuta ba. Tsohuwar kwamfutar tebur ta hannu, irin wadda ake samu a shagunan titin Ahmadu Bello, ta wadatar. Fayil ɗin girka Python bai wuce kusan megabait 30 ba, ana iya sauke shi sau ɗaya daga shafinsa na python.org a zuba a filashi, a girka wa kwamfutoci goma ba tare da an sake ƙona data ba. Bayan girkawa kuma ba a buƙatar intanet ko kaɗan. Abu ɗaya ne mai tsohuwar na'ura zai kula da shi: Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke hawa kan Windows 7, na bayansa ba sa karɓa. Haka nan duk littafin da ke koyar da Python 2 a ajiye shi gefe, domin an daina kula da wannan zubi tun ranar 1 ga Janairu, 2020.

Wurin girkawa akwai wani ɗan akwati a ƙasan tagar farko, mai ɗauke da kalmar PATH. Yawancin masu koyo kan tsallake shi, daga baya su buga python kwamfuta ta ce ba ta san wannan suna ba. PATH jerin foldoji ne da Windows ke leƙawa idan an kira sunan wata manhaja. In ba a sa Python cikin jerin ba, yana nan a cikin na'urar amma ba a san ɗakinsa ba. Danna wannan akwati kawai yana raba mutum da ɓacin ran kwana biyu.

Sikirif na farko layi ɗaya ne. Ana buɗe IDLE, ƙaramar manhajar rubutu da ke zuwa tare da Python, a buɗe sabon fayil, a rubuta:

print("Sannu da zuwa Kaduna")

Sai a adana shi da suna kamar gaisuwa.py, a danna F5, gaisuwar ta bayyana. Hanya ta biyu, wadda ya kamata kowane mai koyo ya saba da ita tun da wuri, ita ce ta baƙar taga: a buga cmd a wurin bincike na Windows, a shiga foldar da fayil ɗin yake da umarnin cd, sannan a buga python gaisuwa.py. Baƙar tagar na ba mutane tsoro don ba ta da hoto ko maɓalli, amma wuri ne kawai da ake faɗa wa kwamfuta magana kai tsaye ita ma ta amsa kai tsaye.

A wannan mataki ne mutane da yawa ke karaya, kuma abin da ke karya su ba lissafi ba ne, ƙananan abubuwa ne da ba wanda ya gaya musu. Windows kan ɓoye ƙarshen sunan fayil, saboda haka wanda ya yi rubutu a Notepad zai iya ganin gaisuwa.py alhali ainihin sunan gaisuwa.py.txt ne, kwamfuta kuma ta ɗauke shi wasiƙa. Wanda ya yi rubutu a Word zai sha mamaki, domin Word kan lanƙwasa alamar zance don ado, Python kuwa miƙaƙƙiya kawai ya sani. Babban baƙi da ƙarami ma ba ɗaya ba ne a wurinsa: Print daban, print daban. Sannan akwai zama a foldar da ba ita ba, a yi ta kiran fayil yana can wani wuri, kamar mai sallama a ƙofar maƙwabci. Malamin kirki kan kashe darasin farko gaba ɗaya a kan waɗannan, kuma bai yi asarar lokaci ba.

Bayan an haye nan, abin da ya rage ginshiƙai ne kaɗan, kuma aikin malamin makaranta ya isa ya nuna su duka. A ce malama tana da ɗalibai 60, kowanne da makin gwaji da na jarabawa. Abu na farko shi ne ma'aji, wato suna da ake laƙaba wa wani adadi ko rubutu don a riƙa kiransa. Sunan na iya zama na Hausa, Python bai damu ba. Na biyu shi ne sharaɗi: in kaza ya faru, a yi kaza.

jimla = gwaji + jarabawa
if jimla >= 75:
    print("A1")

Gurbin da aka bari a farkon layi na uku ba ado ba ne. Da shi Python ke gane cewa wannan layi na ƙarƙashin sharaɗin da ke sama, kuma al'ada ita ce gurbi huɗu. A haka za a bi matakan da makarantu suka saba da su, B2 daga 70, C6 daga 50, har zuwa F9 ga wanda bai kai 40 ba. Na uku shi ne maimaici, da kalmar for, wadda ke cewa a yi wa kowane ɗalibi abin da aka yi wa na farko. A nan ne ribar take, domin umarnin da ya yi wa 60 shi ne zai yi wa 6,000 ba tare da ƙarin layi ko ɗaya ba. Na huɗu shi ne karanta fayil da rubuta fayil, inda ake adana takardar Excel a zubin CSV, sikirif ya karanta ta, ya fitar da sabuwa mai sakamako.

Akwai tarko guda da kusan kowa kan faɗa. Abin da mutum ya buga ko aka karanto daga fayil, Python na ɗaukarsa rubutu ne, ba lamba ba. In aka ce ya haɗa 30 da 45 a haka, sai ya manna su ya ba da 3045. Sai an nannaɗe su da int sannan ya gane lissafi ake nufi ya ba da 75. Akasin haka ke faruwa da lambar waya. Excel kan ɗauki lamba mai farawa da 080 a matsayin adadi ya yar da sifirin farko, lamba 11 ta koma 10. Sikirif na layi biyar zai bi dubban lambobi ya mayar da sifirin, ko ya sa lambar ƙasa 234 a gabansu, abin da sakataren ƙungiya ko mai kula da rajistar Islamiyya zai yi kwanaki yana yi da hannu.

Mai rubutu da Hausa yana da nasa ƙarin al'amari, wato baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake amfani da ita a Nijar. Tsarin Unicode ya ba kowannensu lamba tasa, amma tsohon tsarin baƙaƙen da Windows ya saba da shi ba ya ɗauke da su. Shi ya sa sikirif kan tsaya cak, ko ya mayar da sunan Ɗanladi wasu alamomi marasa ma'ana, in ba a faɗa masa ya buɗe fayil da encoding="utf-8" ba. Wannan 'yar jimla ta cancanci haddacewa. Da ita kuma ake samun wani amfani mai girma: marubuci ko ma'aikacin gidan jarida da ke da tsofaffin rubuce-rubuce inda aka yi k' da d' da b' saboda rashin madannan Hausa, zai iya mayar da su ƙ, ɗ da ɓ a littafi guda cikin ƙiftawar ido. Sai dai inda aka rubuta k kawai ba alama, kwamfuta ba za ta san ko ƙafa ake nufi ko kafa ba. Wannan sai idon Bahaushe.

Kuskure kuwa dole ne, kuma jan rubutun da ke fitowa ba faɗa ba ne, bayani ne. Ana fara karanta shi daga layin ƙarshe, inda sunan matsalar yake, sannan a duba lambar layin da aka ambata. SyntaxError na nufin an karya ƙa'idar rubutu, galibi an manta rufe baka ko alamar zance. NameError na nufin an kira sunan da ba a laƙaba wa komai ba. FileNotFoundError na nufin fayil ɗin ba ya inda aka ce. Wanda ya koyi karanta waɗannan uku da natsuwa ya fi wanda ya haddace babi goma. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta layi biyu ko uku, a gwada, a ƙara, maimakon a zuba layi hamsin sannan a shiga neman allura cikin ruwa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kwamfutar tebur kuma ba ta da batir, adanawa bayan kowane gyara wajibi ne, sayen na'urar UPS mai riƙe wuta ma ba almubazzaranci ba ne.

Biyayyar kwamfuta ita ce kuma haɗarinta. Sikirif da aka ce ya share fayiloli zai share su ba tare da tambaya ba, kuma abin da aka share ta wannan hanya yawanci ba ya biyawa ta kwandon shara balle a dawo da shi. Ƙa'ida ita ce a gwada a kan kwafi, kuma kafin a bar shi ya sauya ko ya share wani abu, a sa shi ya fara nuna sunayen abin da zai taɓa. Haka nan ba a kunna sikirif ɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ƙwayar cutar ILOVEYOU da ta addabi kwamfutocin duniya a watan Mayun 2000 sikirif ce da aka aika ta imel, kuma da yawa daga cututtukan filashi da ke ɓoye fayiloli su bar inuwarsu, waɗanda duk mai shagon buga takardu ya sani, irin wannan rubutu ne. Don haka ne PowerShell a kan kwamfutocin gida ke zuwa a kulle, ba ya kunna sikirif sai an ba shi izini. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, samun rubutaccen sikirif ya zama abu mai sauƙi, amma hakan ya ƙara wajabta iya karantawa, domin wanda zai danna maɓalli shi ke da alhakin abin da ya biyo baya.

Wuraren koyo ba su yi ƙaranci ba. Sassan nazarin kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Jihar Kaduna na koyar da rubuta manhaja, cibiyar CoLab da ke Barnawa a ƙetaren kogi ta daɗe tana tara matasa masu wannan sha'awa, shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 shi ma yana horarwa. Sai dai awa guda kullum a gaban kwamfuta da aikin gaske a hannu ta fi halartar taro yawan amfani. Mai koyo ya zaɓi aiki ɗaya da ke cin masa lokaci, ya rubuta matakansa da Hausa a takarda kamar zai bar wa yaron shago, sannan ya mayar da kowane mataki umarni. Waɗannan jimlolin Hausa ma ba a yar da su: duk layin da ya fara da alamar # Python na tsallake shi, saboda haka ana barin su a matsayin bayani ga wanda zai buɗe fayil ɗin bayan wata shida. Idan sikirif ya zauna daram, sai a miƙa shi ga Task Scheduler na Windows, ko cron a Linux, a sa masa lokaci, misali ƙarfe huɗu na yamma kowace ranar aiki, ya kwafe fayilolin ofis zuwa wani faifai kafin a tashi.