Yadda Jihar Ribas Ta Jefa Ƙuri'arta A Zaɓen Majalisar Tarayya Na 1979

A cikin watan Yuli na 1979, bayan shekara 13 ƙasar nan tana hannun soja, Hukumar Zaɓe ta FEDECO ta kira jama'a zuwa rumfunan ƙuri'a. Ran 7 ga wata aka yi zaɓen Majalisar Dattijai, ran 14 kuma na Majalisar Wakilai. Jam'iyyu biyar suka shiga fage, watau NPN da UPN da NPP da PRP da GNPP. Da sakamako ya fito, babu jihar da ta ɗauki hankalin masu lura da siyasa kamar Jihar Ribas, mai hedkwata a Fatakwal.

Kowace jiha cikin jihohi 19 na wancan lokaci tana da kujera biyar a Majalisar Dattijai. A Ribas, NPN ta su Alhaji Shehu Shagari ta cinye uku, NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe ta sami biyu. Waɗanda suka ci a NPP su ne Dokta Obi Wali daga ƙasar Ikwerre da Mista Francis Ellah daga ƙasar Ogba. A Majalisar Wakilai kuwa, cikin kujeru 14 na jihar NPN ta kwashe 10, NPP ta tsira da 4. Sauran jam'iyyun uku ko kujera guda ba su samu ba.

A Jihar Anambra, wadda a lokacin ta haɗa Anacha da Inugu, labari ya sha bamban, don NPP ce ta share kujerun dattijai biyar duka. A Kano kuma PRP ta Malam Aminu Kano ta yi irin wannan shara. Ashe ke nan jam'iyyar da 'yan hamayya suke yi wa kallon ta 'yan Arewa ta faɗi a Kano, amma ta ci a bakin teku.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun zamanin Turawa ƙananan ƙabilun wannan yanki, irin su Ijo da Ogoni, suke kukan an danne su a cikin tsohuwar Jihar Gabas. Kwamitin Willink ya saurari kukansu, amma rahotonsa na 1958 bai yarda a ba su jiha ba. Sai Cif Harold Dappa-Biriye ya kafa jam'iyyar NDC, ya ƙulla ƙawance da NPC ta Sardauna Ahmadu Bello. A zaɓen 1959 wani saurayi mai suna Melford Okilo ya ci kujerar Brass a ƙarƙashin NDC, ya zauna a majalisar Ikko tare da wakilan Arewa.

Jihar da suke nema ta samu ran 27 ga Mayu, 1967, sa'ad da Yakubu Gowon ya raba ƙasa jiha 12. Bayan yaƙin basasa kuma sai ga rigimar gidajen da Ibo suka bari a Fatakwal, wadda ta daɗe tana ɓata tsakanin maƙwabtan biyu. Saboda haka da siyasa ta dawo, mutanen cikin ruwa da yawa suka ga NPP magajiyar NCNC ce, wadda ta mulke su daga Inugu. Suka koma ga tsofaffin aminansu, don da tsohuwar zuma ake magani. NPP ta fi samun ƙarfi ne a yankin tudu da ke kusa da ƙasar Ibo.

Zaɓuɓɓukan da suka biyo baya sun bi sawun na majalisa. Cif Okilo ya ci kujerar Gwamna a NPN. Ran 11 ga Agusta kuma Ribas ta ba Shagari fiye da kashi 72 cikin ɗari na ƙuri'unta, alhali a jiharsa ta Sakkwato kashi 66 da ɗoriya ya samu.

Duk da haka NPN ba ta sami rinjaye ita kaɗai ba. Kujeru 36 ta samu cikin 95 na dattijai, da 168 cikin 449 na wakilai. Tilas ta nemi NPP aka yi yarjejeniya, Dokta Joseph Wayas na NPN ya zama Shugaban Dattijai, Cif Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama Kakakin Wakilai. Watau waɗanda suka kara a Fatakwal sun koma ci a akushi ɗaya a Ikko, har zuwa 1981 da yarjejeniyar ta wargaje. Soja suka rufe majalisar baki ɗaya ran 31 ga Disamba, 1983.

Ga 'yan'uwa mazauna Trans-Amadi da unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu, akwai abin lura a nan. Da yawa daga mahauta da dillalan shanu da masu gadi sukan ɗauka zaɓe na 'yan ƙasa ne, nasu yana gida, sai su yi rajista a Kano ko Katsina, ranar zaɓe kuma mota ta gagara. Alhali doka ta ba ɗan Nijeriya mai shekara 18 ikon yin rajista inda yake zaune ko yake sana'a, kuma hukumar INEC takan mai da rajistar mutum daga wata jiha zuwa wata idan ya nema kan lokaci. Ba sabon abu ba ne ma a zaɓi baƙo a kudu, don Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, shi ne Magajin Garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Wakilin mazaɓar da mutum yake kwana shi ne zai yi magana ranar da aka tashi kasuwa ko aka rushe rumfa. Ɗan majalisa kuwa yakan fara duba inda ƙuri'a ta fito kafin ya buɗe baki.