Ɓacewar Alamar Wuri a Manhajojin Tsara Lokacin Wallafa da Tasirinta ga Nazarin Karin Harshe

Kafafen yaɗa labarai da 'yan kasuwa da dama ba sa wallafa saƙonninsu kai tsaye daga waya. Suna shirya su ne tun da wuri a manhajoji irin su Buffer da Hootsuite da Later, su ƙayyade ranar da kowane saƙo zai fita da sa'arsa. Sau da yawa saƙon kan fito a Instagram ba tare da alamar wuri ba, wato sunan gari ko unguwa da kan bayyana ƙarƙashin sunan mai shafi. Ga ɗan kasuwa wannan asarar masu saye ce. Ga manazarcin Hausa kuwa, asarar hujja ce, domin da wannan alama ake danganta rubutu da yanki.

Tushen matsalar yana cikin hanyar da saƙon yake bi. Manhajar tsara lokaci ba ta dogara da inda wayar mai rubutu take a lokacin wallafa, tana aika saƙon ne ta ƙofar sadarwa da kamfanin Meta ya buɗe wa manhajoji. A wannan ƙofa ba a karɓar sunan wuri a matsayin rubutu. Abin da ake karɓa shi ne lambar wani shafin Facebook wanda aka yi wa rajista da adireshi da matsayinsa a taswira. Idan wurin ba shi da irin wannan shafi, ko shafin yana nan amma ba a cike adireshinsa ba, alamar ba za ta maƙale ba.

A nan ne batun ya shafi ƙa'idojin rubutun Hausa. Akasarin garuruwan ƙasar Hausa an shigar da su ne da rubutun Ingilishi ko na Faransanci. Mai neman Sakkwato ya fi saurin dacewa idan ya rubuta Sokoto, haka Zariya da Zaria. A Nijar tazarar ta fi faɗi, domin Damagaram tana fitowa ne da sunan Zinder, Tawa kuma da Tahoua. Baƙaƙe masu lanƙwasa su ma kan kawo cikas: Maraɗi da Haɗeja an fi samun su da d marar lanƙwasa. Abin takaici ne a ce wanda ya kiyaye ƙa'ida shi ne bincikensa kan dawo fayau.

Gyaran bai da wuya. Asusun Instagram ya kasance na kasuwanci, a tabbatar izinin da aka bai wa manhajar bai ƙare ba, sannan a nemi wurin da sunansa na hukuma. Idan babu shi, sai a buɗe masa shafin Facebook mai cikakken adireshi, a ɗan jira kafin ya shiga rumbun bincike. Saƙon da ya riga ya fita ana iya ƙara masa wuri da hannu a cikin Instagram.

Sai dai alamar da aka gyara ba ta zama shaidar karin harshe kai tsaye ba. Tun a 2019 Twitter ya cire zaɓin nuna ainihin inda mutum yake tsaye a yawancin saƙonni, kuma ayyuka irin su NaijaSenti na 2022 sun haɗa bayanin wuri da kalmomin da suka fi yawo a harshe wajen tattara saƙonnin Hausa. Saƙon da aka tsara ya fi haka sarƙaƙiya, tunda mai shafi ne ya zaɓi wurin. Basakkwace mazaunin Abuja zai iya kula da shafin wani shago na Kantin Kwari, ya rubuta “shina nan” a maimakon “yana nan”, alamar kuma ta nuna Kano. Manazarcin da ya ɗauki wannan a matsayin Kananci ya shigar da kuskure cikin bayanansa, sai fa idan ya ware saƙonnin shafukan kasuwanci daga na ɗaiɗaikun mutane tun a matakin tattara bayanai.